Kundin tafiyar matasanmu wurin masu kwana a titi

Asabar, 7 ga Yuni

Dattawan ikilisiya sun amince yau. Zumuntar matasa za ta tafi babban birni a makon ƙarshe na Yuli, mu yi aiki a ƙarƙashin wata cibiya da ke ciyar da marasa matsuguni, tana kuma taimaka musu da magani da neman takardu. Ni aka ɗora wa lissafi da riƙe wannan kundi, don waɗanda suka ba da gudummawa su san inda kuɗinsu ya shiga.

Dattawa sun gindaya sharuɗɗa. Duk wanda bai kai shekara 18 ba sai iyayensa sun rubuta yardarsu. Duk rukunin da zai fita titi sai da manya biyu a ciki, namiji da mace. Kuma babu tafiya sai da ma'aikaciyar jinya. Wannan na ƙarshen ya zo da sauƙi, domin Sista, wadda ke koyarwa a makarantar Lahadi, ta ce za ta ɗauki hutunta a wannan makon. Matasa 19 suka rubuta suna. Na san ba duka za su kai ranar tafiya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Wankin motoci a harabar majami'a daga safe har la'asar. Da shi da baiko na musamman da aka karɓa makon jiya, mun haɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka kiyasta.

Lahadi, 22 ga Yuni

Bayan sujada na kira matar da ke shugabantar cibiyar, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Mama muke ce mata. Mun shiga da jerin abin da muka yi niyyar kaiwa, muka fito da wani jeri daban.

Abu na farko da ta ambata shi ne safa. Yaran suka kalli juna, wasu har da dariya. Ta ce wanda ke kwana a waje ba ya cire takalminsa da dare, don in ya cire ba zai tashi ya same shi ba. Ga yawo wuni guda, ga gumi, ga ruwan sama. Ƙafa ta kwana ta wuni a jiƙe, fata ta yi fari ta yi laushi, ta tsage, ciwo ya shiga. Irin ciwon da ya naƙasa sojoji da yawa ke nan a ramukan yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918. Kuma safa ita ce abin da mutane ba su cika bayarwa ba, domin tsohuwar riga ana kyautar da ita, tsohuwar safa kuwa sai shara.

Sauran jerin: sabbin kamfai na maza da na mata, audugar mata, sabulu, buroshi da man goge baki, abin yanke farce, reza, da ƙananan ledoji masu zif na ajiye takardu. Ta hana mu abu huɗu: ba wa mutum kuɗi a hannu, raba magani, ɗaukar hoton kowa, da yin alkawari. Wata yarinya ta ce, "Mama, ko alkawarin addu'a?" Ta ce wannan a yi, in dai za a cika. Wanda take nufi shi ne "zan dawo" da "zan nemo maka aiki", irin maganar da baƙo ke yi saboda tausayi ya kama shi, ya tafi, ita kuma ta zauna da mutumin yana tambayarta wata shida.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun soke sayen fitilun hannu, kuɗin ya koma safa.

Asabar, 28 ga Yuni

Ranar tantance tufafin da aka tara. Buhuna sun cika ɗakin ajiya har bakin ƙofa, kowa yana murna, sai da muka fara kwancewa. Kwat masu kafaɗa, takalman mata masu tsini, rigunan biki masu duwatsu, wando babu zif, riga mai tabon da ko wanki goma ba zai fitar ba. Har labule mun gani. Wasu buhunan sun sha danshi sun yi fumfuna, dole muka fitar da su gaba ɗaya.

Ma'aunin da muka bi shi ne wanda Sista ta kawo: in ba za ka ba ƙanenka ya sa ya fita ba, kada ka sa a buhun tafiya. Da wannan ma'aunin, abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba na zargin masu bayarwa da mugun nufi, amma akwai bambanci tsakanin kyauta da share ɗaki, kuma zan roƙi Fasto ya faɗi wannan daga bagade da lafazi mai taushi. Kayan bikin da ke da kyau za mu sayar da su mako mai zuwa.

Asabar, 5 ga Yuli

Horo da Sista, awa huɗu. Na rubuta abin da ta nanata don a manna a bangon kicin.

Dafaffen abinci ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2. Gudawar da za ta kwantar da mai gida kwana ɗaya tana iya kashe wanda ba shi da bayan gida kusa, ba shi da ruwa mai tsabta. Ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari in babu na fakiti: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tarin da ya wuce mako 2, musamman in da rama da zufar dare, a sanar da ita, domin yana iya zama tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne, kuma wahalar mai kwanan titi ita ce kai shi ƙarshe. Ƙazwa tana bin haɗuwar fata da tufafi, don haka mai wankin ƙafa da mai karɓar tsofaffin kaya su sa safar hannu. In aka ga allura a ƙasa, babu mai taɓawa da hannu.

Sai yadda ake tunkarar mutum. Kada ka tsaya a kansa yana zaune, durƙusa. Kada ka tashi mai barci, watakila barcin da ya samu ke nan tun jiya. Kada ka taɓa kayansa ko da nufin taimako. Ka gaishe shi yadda za ka gaishe da sa'an mahaifinka, ka faɗi sunanka kafin ka tambayi nasa. Mun gwada a tsakaninmu, wani ya kwanta a ƙasa wasu su zo su gaishe shi. Wanda ya kwanta ya ce ganin ƙafafu shida sun kewaye shi kawai ya sa gabansa ya faɗi. Daga nan muka yanke cewa mutum biyu ne za su matsa, sauran su tsaya nesa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Nazarin Littafi Mai Tsarki ya koma muhawara. Dokar cibiyar ita ce ba a sa wa abinci sharaɗin sauraron wa'azi. Ɗaya daga cikin samarinmu, wanda ya fi kowa himmar bishara, ya ce to wace irin tafiyar bishara ce wannan? Ya ce, "Yaya, in mun cika musu ciki muka bar ransu, me muka yi?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ban so a rufe masa baki ba. Mun karanta Matiyu 25 daga aya 35, inda abin da aka lissafa shi ne yunwa, ƙishirwa, baƙunta, tsiraici, ciwo da kurkuku. Mun karanta Yakubu 2, aya 15 da 16, kan wanda ke sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi komai ba. Fasto ya kawo tarihin William Booth, wanda ya fara aiki cikin matalautan gabashin Landan a 1865, aikin da ya zama Rundunar Ceto. Takensu da ya shahara ya jera romo, sabulu, sannan ceto.

Ni ra'ayina, mai jin yunwa zai ce amin ga duk abin da ka faɗa in kwanon yana hannunka, kuma amin ɗin nan ba ta da nauyi. Mun tsaya a kan cewa abinci na kowa ne. Za a keɓe kusurwa ɗaya da kujeru, wanda ya so addu'a ko magana ya zo da ƙafarsa. Saurayin bai gamsu sarai ba, amma ya ce shi zai zauna a kusurwar.

Asabar, 19 ga Yuli

Mai motar da muka yi ciniki da shi ya ƙara kuɗi. Yanzu sufuri kaɗai zai cinye kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke hannu. Abincin da za mu dafa wa mutane kashi 25, kayan tsabta da safa 20, cinmu da abin ko-ta-kwana 15. Mun soke buga riguna masu tambarin zumunta. An yi gunaguni, amma ya wuce.

Wani dattijo da ya duba lissafin ya ce, "'Ya'yana, in mota za ta ci wannan, me ya hana ku aika musu da kuɗin ku zauna gida?" Babu wanda ya amsa nan take, domin a takarda gaskiyarsa ce. Na ce masa a bar tambayar a buɗe har mu dawo.

Mutum uku sun janye, biyu saboda jarabawa, ɗaya mahaifiyarsa ta fasa sa hannu. Saura 16.

Asabar, 26 ga Yuli

Ɗaurin kaya. Kowace leda: safa biyu, sabulu, buroshi, man goge baki, ledar takardu. Na mata daban. Tashi gobe bayan sujadar farko.

Lahadi, 27 ga Yuli

Taya ta fashe a hanya, safayar kuma babu iska. Mun isa dare ya yi nisa. Majami'ar da ta sauke mu ta ba mu zaure biyu, maza ɗaya mata ɗaya, kwana a ƙasa. Famfo ɗaya ne, mun tsara layin wanka. An karɓe wayoyin yara, za a riƙa ba su awa ɗaya da yamma su kira gida.

Litinin, 28 ga Yuli

Mama ta raba mu uku: kicin, teburin rabo, da masu fita da ma'aikatanta zuwa ƙarƙashin gada da bayan tashar mota. Ta ce mu hannu ne aka ara mata, ba shugabanni ba, kuma duk abin da ma'aikaci ya ce shi ke nan.

Abin da ya fara ɗaure wa yaran kai shi ne ganin waɗanda suka shigo layi. Sun zo da tsammanin ganin mahaukata da 'yan maye, kuma akwai masu taɓin hankali, akwai waɗanda shaye-shaye ya kama. Amma akwai mai gadi da kayan aikinsa a jiki, akwai masu dako, akwai matar da ke shara a wani ofis da asuba. Suna aiki, kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Wata ta gudo daga mijin da ke dukanta. Wani ya fito daga kurkuku danginsa suka ƙi karɓarsa. Wani jinyar matarsa ce ta cinye komai, matar ta rasu, mai gida ya fitar da kayansa.

Akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Tela ne a da. Ya karɓi kwanonsa, ya kalli rigar yaron da ya miƙa masa, ya kama haɓar hannun ya juya, ya ce ɗinkin nan ba zai kai ƙarshen shekara ba. Yaron ya rasa abin cewa, sai "To, Baba." Na lura yana ɗingishi.

Kusurwar addu'a: mutum biyar suka zauna. Uku daga ciki hira suke so.

Talata, 29 ga Yuli

Yau mun zubar da abinci, kuma har yanzu wasu ba sa yi wa Sista magana.

'Yan kicin sun tashi da asuba, sun gama girkin rana da wuri don su samu su fita titi su ma. Aka juye a manyan robobi aka rufe. Tsarin shi ne a raba da tsakar rana. Sai motar cibiyar da za ta kwashi abincin zuwa ƙarƙashin gada ta tafi kai wata mata asibiti, naƙuda ta kama ta a bakin ƙofa. Wuta kuma ta ɗauke, firij ɗin bai da amfani, kuma ko da wuta ba zai ɗauki robobin ba. Kafin motar ta dawo, abincin ya yi kusan awa biyar a ɗaki mai zafi. Sista ta soka ma'aunin zafi a tsakiyar roba, ya nuna digiri 38. Ta ce babu wanda zai ci.

Nan fa aka tashi. Abincin bai yi wari ba, bai canza kala ba. Wata yarinya da ta sha hayaƙi tun asuba ta fashe da kuka, ta ce ai waɗannan mutanen har daga bola suke ci, wannan ne zai kashe su? Sista ta ce wari ba shi ne ma'auni ba, kuma akwai ƙwayoyin da ke barin guba wadda ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Mama ta goyi bayanta ba tare da dogon bayani ba. Ta ce shekarun baya wasu baƙi sun raba irin wannan, ita ta kwana tana jigilar mutane.

Maganar yarinyar nan ta "ai daga bola suke ci" ita ta fi damuna, duk da na san gajiya ce ta sa ta faɗa. Tunani ɗaya ne da wanda ya cika mana buhuna da wando mara zif.

Mun sayo abin da ba ya buƙatar girki muka raba da yamma. Asarar ta cinye fiye da rabin kuɗin ko-ta-kwana. Sabon tsari: girki kashi biyu, tukunya ba ta sauka daga wuta sai mota ta tsaya a ƙofa.

Laraba, 30 ga Yuli

Ranar ƙafa. Cibiyar tana yin wannan duk Laraba: benci, robobin ruwan ɗumi, sabulu, tawul, sabuwar safa. Yaran da suka sha karanta Yohanna 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, yau sun ji warin abin. Ɗaya ya fita ya yi amai a bayan gini, ya kuskure baki, ya dawo ya zauna a wurinsa. Ban ce masa komai ba.

Baba ya ƙi zama da farko. Ya ce ƙafarsa lafiya lau, ba ta masa ciwo. Yaron ranar Litinin mai riga ne ya lallashe shi: "Baba, ka gyara mini hannun rigar, ni kuma in wanke maka ƙafa, kowa ya yi sana'arsa." Ya yi dariya ya zauna. Takalmin dama ya fita. Na hagu sai da aka kwance igiyar gaba ɗaya, safar ta manne da tafin ƙafar, aka jiƙa ta da ruwa aka ɓare a hankali. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami zagayayye, gefensa fari ya yi kanta, tsakiyarsa ja, yana ruwa. Sista ta danna kusa da wurin ta ce, "Baba, ka ji?" Ya ce bai ji komai ba. Ta taɓa sauran yatsun yana kallon sama, bai san wanda aka taɓa ba.

Ta gwada jininsa da ɗan injin cibiyar, suga ya hau sosai. Ta yi mana bayani daga baya: ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko tsakuwa ta kwana a takalminsa bai sani ba, ga jini ba ya gudu sosai balle ciwon ya warke. Rashin zafin nan shi ne haɗarin, kuma da irin wannan ramin ake kaiwa ga yanke ƙafa. Ta wanke ta ɗaure, Mama ta rubuta masa takardar zuwa asibiti ranar Juma'a da safe, ma'aikacin cibiya zai raka shi.

Safar da muka kawo ta ragu da rabi a wuni ɗaya. Kwat guda biyu da wani ya ɓoyo a jakarsa suna nan babu mai so.

Alhamis, 31 ga Yuli

Matsala biyu.

Jiya da yamma, a awar waya, wata cikin 'yan matanmu ta ɗora hoto a Facebook: ita da wata mata da ɗanta, fuska a bayyane, ginin cibiyar a baya. Ta ce matar ta yarda. Mama ta kira mu da sassafe. Matar ita ce wadda ta gudo daga mijinta, kuma mijin yana nemanta. An goge hoton, amma ya kwana, an kuma yi ta turawa. Dole aka mayar da ita da yaron wani wuri yau. Yarinyar ta ba da haƙuri tana kuka. Mama ta ce mata, "'Yata, wanda ka ba abinci ba ya iya ce maka a'a." Daga yau ana kiran gida ne a gaban babba.

Ta biyu ta fi girma. Da asuba aka zo aka share ƙarƙashin gada. Da rukuninmu ya isa, babu kwali, babu bargo, babu buhu, sai ƙasa a jiƙe da mutane tsaye cirko-cirko. An loda kayansu a mota an tafi. Abin da suke kuka a kai ba bargon ba ne. Katin shaida, takardar haihuwa, katin asibiti, magungunan wata guda na mai tarin fuka, waya mai lambobin dangi. Waɗanda suka sa ledar zif a cikin riga ne kaɗai suka tsira da nasu.

Ma'aikacin da ke riƙe teburin takardu ya zana mana yadda abin ke zagayawa. Neman aiki na son katin shaida. Katin shaida na son adireshi da takardar haihuwa. Adireshi na son haya, haya na son albashi, albashi na son aiki. Shi ya sa cibiyar ke ba mutane adireshinta su yi amfani da shi, kuma sake fitar da takarda ɗaya kan ɗauki watanni.

Da dare Mama ta zauna da mu, wani ya tambaye ta ko akwai inda aka taɓa shawo kan abin. Ta ba mu labarin tsarin da ake kira "gida tukuna", wanda Sam Tsemberis ya fara a New York a 1992. A da ana cewa mutum ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya nuna ya shiryu, sannan a ba shi ɗaki. Shi ya juya abin: a ba shi ɗaki da makulli, sauran taimakon ya biyo baya. Ƙasar Finland ta ɗauki tsarin a matakin ƙasa daga 2008, ta mayar da gidajen kwanan wucin gadi zuwa ɗakunan zama na dindindin, kuma cikin shekara 15 yawan marasa matsuguni a can ya ragu da fiye da rabi. Ta ce wannan aikin gwamnati ne da masu gidaje, ba na kwano da cokali ba. Nata aikin shi ne mutum ya kai gobe da ransa da takardunsa.

Juma'a, 1 ga Agusta

Baba bai zo ba. Ma'aikacin ya jira shi har hantsi, muka bi bayan tasha, muka tambayi masu dako. Tun sharar jiya mutanen gada suka watse, kowa ya nemi lungu. Takardar asibitin ma wataƙila tana cikin kayan da aka kwashe. Yaron mai riga ya so mu ci gaba da nema har dare, na hana, domin dokar dattawa ce a koma masauki kafin duhu. Ya yi fushi da ni, kuma ban ga laifinsa ba.

Sauran wunin a teburin takardu muka yi shi. Nan ne matasanmu suka fi amfani duk makon, abin da ban zata ba. Suna da saurin cike fom a waya da kwamfuta, suna ɗaukar hoton takardar mutum da izininsa a ajiye a kwamfutar cibiya, ko an sake shara akwai kwafi. Layin da ma'aikaci ɗaya kan yi kwanaki yana bi ya ƙare kafin la'asar. Saurayin kusurwar addu'a ya bar kujerarsa ya zo yana karanta wa wani tsoho fom layi-layi, tsohon ne ma daga baya ya ce ya yi masa addu'a.

Asabar, 2 ga Agusta

Share zaure, miƙa ragowar kaya ga cibiya, hanya. Kowa lafiya, sai mutum biyu da mura.

Lahadi, 10 ga Agusta

Rahoto a gaban ikilisiya. Sufuri ya tsaya a kashi 42 saboda gyaran taya, abinci ya haura zuwa 31 saboda asarar Talata, kayan tsabta 20, sauran cinmu. Babu bashi, babu ragowa. Rasit suna wurin ma'aji ga mai son gani.

Dattijon nan ya tuna mini da tambayarsa. Na ce masa in ana maganar ciyarwa ce zalla, shi ke da gaskiya: kuɗin motarmu zai ciyar da mutane fiye da yadda hannuwanmu suka ciyar, kuma cibiyar ba ta rasa masu girki. Abin da kuɗi ba zai yi ba shi ne teburin takardu na ranar Juma'a, da kuma mutum 16 da yanzu suka san me ake tambaya kafin a tara kaya. Ko wannan ya kai kashi 42, ban ce ya kai kowace shekara ba. Shawarar da na bayar ita ce badi kada a tafi da mota cike. A tura mutum biyar ko shida masu iya kwamfuta a motar haya, ragowar kuɗin ya tafi kai tsaye. An ce kwamiti zai duba.

An amince da abu biyu nan take: akwatin safa da kamfai sabbi a bakin ƙofar majami'a, da baiko ɗaya duk wata uku don kuɗin sake fitar da takardu.

Asabar, 23 ga Agusta

Saƙo daga Mama. An ga Baba a wata kasuwa can wani gefen birnin, an kai shi asibiti, an kwantar da shi. Yatsan ba zai tsira ba, likitoci suna ƙoƙari a kan ƙafar. Matsalar gaba ita ce inda zai koma in an sallame shi, domin ciwon na son wanki da ɗauri kullum, maganin suga kuma na son abinci a kan lokaci. Tana neman masa gado na wata biyu a wani gidan jinya. Mun tura kuɗin baikon farko can maimakon takardu, da yardar ma'aji.

Akwatin safa ya kusa rabi. An sake jefa tsofaffin riguna a ciki, za mu rubuta sanarwa da manyan haruffa.

Taro na gaba 6 ga Satumba. Abin tattaunawa: rukuni biyu su zagaya kewayen majami'armu da asuba tare da manya, su ƙirga masu kwana a waje, ba tare da rabo ko hoto ba, don mu san ko akwai abin da za mu fara kafin 10 ga Oktoba, ranar marasa matsuguni ta duniya da ake yi tun 2010. Sista za ta sake horon abinci ga sababbin da suka rubuta suna. Muna buƙatar ma'aunin zafi namu na kanmu.